Rashin Samun Gurbin Karatu a Damagaram: Ma'anarsa da Hanyoyin da Suka Rage wa Ɗalibi

1.0 Gabatarwa

A kowace damina, daidai lokacin da manoma ke fama da noma da maimai, ake bayyana sakamakon jarrabawar bakaloriya, wadda aka fi sani da bak, a cibiyoyin jarrabawa na jihar Damagaram. Ɗalibai daga Lise Amadu Kuran Daga da sauran makarantun birnin Zinder, da na Mirriya da Magariya da Matamaye da Tanut da Gure, sukan taru su saurari sunayen waɗanda suka yi nasara. A shekaru da dama, waɗanda suka ci wannan jarrabawa a faɗin Nijar ba su kai rabin waɗanda suka zauna ta ba. Daga cikin waɗanda suka ci ɗin ma, akwai wanda zai nemi fannin likita a ce makinsa bai kai ba, da wanda zai shiga gasar wata makaranta sunansa ya ƙi fitowa, da wanda zai samu gurbi amma ya rasa kuɗin zama a garin da aka tura shi.

Wannan maƙala ta dubi halin da irin waɗannan ɗalibai ke shiga da abin da za su iya yi. Ta fara da nazarin kalmomin da ake ba da labarin da su, domin yadda aka faɗi abu yana da tasiri a kan yadda za a tunkare shi. Daga nan ta rarrabe ire-iren rashin gurbi, ta jero hanyoyin da ke buɗe, sannan ta tsaya a kan matsayin harshe a shekarar jira. Abin da take son tabbatarwa shi ne, rashin gurbi iri-iri ne, kowane iri da maganinsa, kuma ɗalibin da bai tantance irin nasa ba yakan ɓata shekara yana shan maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

2.0 Kalmomin da Ake Ba da Labarin da Su

Idan ɗalibi ya dawo gida ba tare da nasara ba, akwai jimloli huɗu da aka fi ji a bakin jama'a: "ya faɗi", "an kayar da shi", "an ƙi shi", da "bai samu gurbi ba". A zahiri duk labari ɗaya suke bayarwa, amma ginin kowace jimla yana ɗora alhakin a wuri dabam.

A jimlar "ya faɗi", aikatau ƙi-karɓau ne, kuma ɗalibin shi ne aikau. Babu wani a cikin jimlar sai shi, don haka laifin duka a wuyansa yake. A jimlar "an kayar da shi" kuwa, an yi amfani da aikatau na aji na 5 a tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wato ajin da ke nuna aikin da aka sa ya auku ga wani. Ɗalibin ya koma karɓau, aikau kuma ya ɓuya a bayan wakilin suna "an", wanda ba ya fayyace kowa. Wannan jimla takan kwantar wa iyaye hankali, sai dai tana da illa: wanda ya gamsu cewa kayar da shi aka yi ba zai koma ya duba darasin da ya gaza a ciki ba. Jimlar "an ƙi shi" ta fi sauran nauyi, domin "ƙi" aikatau ne da ya shafi zuciya, kishiyar "so". Tana sa ɗalibi ya ɗauka mutuncinsa aka auna, alhali waɗanda suka yanke hukuncin takarda da lamba kawai suka gani.

Jimla ta huɗu ita ce ta fi kusa da gaskiyar lamarin a mafi yawan lokuta. Kalmar "gurbi" a asalinta tana nufin ɗan ramin da aka tanada domin wani abu ya zauna, kamar gurbin da kaza ke ƙwai ko gurabun dara. Gurabu ƙidayayyu ne. Idan sun cika, sun cika, kome ƙwarewar wanda ya zo daga baya. Har ila yau, kalmar Faransanci da ake yi wa wanda bai ci bak ba laƙabi da ita, wato ajourné, ta samo tushe daga jour, ma'ana rana. Fassararta ta kai tsaye ita ce "wanda aka ɗage zuwa wata rana". Ke nan hukumar jarrabawa da kanta jinkiri ta ambata, fassarar da aka yi wa kalmar a gida ce ta mayar da shi faɗuwa.

3.0 Ire-iren Rashin Gurbi

Ana iya kasa matsalar gida huɗu.

Kashi na farko shi ne rashin cin bak ɗin kanta. Ana auna jarrabawar a kan maki 20, ana kuma buƙatar matsakaicin maki 10. Wanda ya kusa kai wa goma ana ba shi damar zagaye na biyu. Wanda ya gaza a nan sai wata shekara. Ba tare da wannan takarda ba, ƙofar jami'a ta gwamnati a rufe take.

Kashi na biyu shi ne wanda ya ci bak amma bai samu fannin da ya zaɓa ba. Fannoni irin su likitanci suna da ƙarancin kujeru, ana kuma duba rukunin bak ɗin da ɗalibi ya yi, ko A na adabi ne, ko C da D na lissafi da kimiyya, tare da makin da ya samu a darussan da suka shafi fannin. Wanda ya fita da maki 10 da ɗoriya yana takara da wanda ya fita da 14.

Kashi na uku shi ne wanda ya shiga gasar wata makaranta ta musamman, kamar makarantar horon malamai ko ta ma'aikatan lafiya ko ta injiniyoyi, bai fito ba. A gasa, ba a tambayar ko ɗalibi ya iya. Ana jera masu takara ne daga sama zuwa ƙasa a yanke a inda kujeru suka ƙare. Mutum na iya yin ƙoƙari ƙwarai ya tsaya a bayan layin da rabin maki.

Kashi na huɗu shi ne wanda aka ɗauka amma bai samu tallafin karatu ba. Hukumar ANAB ce ke kula da kuɗin tallafin ɗalibai a Nijar, kuma tana da sharuɗɗan da ba kowa ke cika su ba. Ga ɗan talakan da aka tura Yamai, mai nisan kusan kilomita 900 daga Zinder, gurbi babu guzuri bai da bambanci sosai da rashin gurbi.

Akwai kuma wata matsala da ke ratsa dukkan kason nan, wato kuskuren takardu, wadda za a yi bayaninta a ƙasa.

4.0 Hanyoyin da Ke Buɗe

4.1 Duba Takardu da Rubutun Suna

Abu na farko da ya wajaba a kan ɗalibi shi ne ya karɓi takardar makinsa ya karanta ta darasi bayan darasi, yana lura da nauyin da aka ɗora wa kowane darasi a rukuninsa. Ɗan rukunin A da ya yi rauni a falsafa da Faransanci ya rasa maki masu yawa a wuri biyu kawai, kuma sanin haka ya isa ya nuna masa inda zai zuba ƙarfinsa.

Na biyu, ya jera takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa da ta kammala karatu ya gwada rubutun sunansa a kowace. Sunayen Hausawa a Nijar ana rubuta su da ƙa'idar Faransanci, kuma magatakarda sukan saɓa wa juna. Suna guda yana iya fitowa a matsayin Mahamadou a wannan takarda, Mahaman a waccan, Mamane a ta uku. Haka Aboubacar da Boubacar, ko Chaibou da Chaïbou. Ga mai nazarin harshe, waɗannan siffofi ne na suna ɗaya. Ga ma'aikacin da ke tantance ɗaruruwan takardu, mutane biyu ne. Haka nan wanda aka yi wa takardar haihuwa a kotu bayan ya girma, ya kamata ya tabbata shekarar da ke jikinta ita ce a sauran takardunsa. Gyaran irin wannan kuskure yana cin makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ɗalibi yana da hujjar cewa an yi kure wajen shigar da makinsa ko sunansa, sai ya rubuta ƙorafi da kansa, cikin ladabi, ya kai ofishin da abin ya shafa kafin wa'adi ya wuce, ya kuma riƙe kwafi.

4.2 Sake Zama Jarrabawa

Ga ɗan kashi na farko, hanya mafi tabbas ita ce maimaita ajin ƙarshe, ko dai a makarantarsa idan ta amince, ko a wata mai zaman kanta, ko kuma ya yi rajista a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Hanyar ƙarshe ta fi sauƙin kuɗi amma ta fi haɗari, domin babu malamin da zai tambaye shi aikin gida. Wanda ya zaɓe ta yana buƙatar abokan karatu uku ko huɗu, da allo, da lokacin haɗuwa da ba ya canzawa, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da za a riƙa amsawa a kan agogo kamar ranar gaske. Maimaitawar da ba ta sauya salon karatu ba takan haifar da makin bara. Haka abin yake ga ɗan kashi na uku: gasa tana da salon tambayoyinta, kuma wanda ya taɓa zama sau ɗaya ya riga ya san tsawon lokaci da yanayin ɗakin, abin da sabon shiga bai sani ba.

4.3 Sauya Fanni ko Gari

Shekaru da yawa jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a Nijar, wato ta Yamai, wadda ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, daga baya aka sa mata sunan masanin kimiyya Abdu Mumuni. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha na jami'a a Zinder da Maraɗi da Tawa, a 2010 kuma aka mayar da su cikakkun jami'o'i. A 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Jami'ar Zinder a yau tana ɗauke da sunan Andre Salifu, ɗan garin, masanin tarihin da ya wallafa littafi a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ga waɗanda suka yi karatu a makarantun Faransanci da Larabci kuma, akwai Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986.

Ma'anar wannan ita ce, ɗalibin yau yana da ƙofofi da dama da magabatansa ba su samu ba. Wanda ya rasa likitanci yana iya duba tsangayar kimiyya. Wanda ya rasa shari'a yana iya duba labarin ƙasa ko nazarin zamantakewa ko Ingilishi. Cibiyar fasaha ta Zinder tana koyar da fannoni irin su tsara birane da sarrafa sufuri, waɗanda karatunsu gajere ne kuma suna fuskantar aiki kai tsaye. Tsarin da jami'o'in ke bi ya kasa karatu hawa uku: shekara 3 ta digirin farko, 2 ta digiri na biyu, 3 ta digirin digirgir. Wannan yana ba da damar karkata zuwa wani fanni makusanci a hawa na biyu. Sai dai akwai sharaɗi. Shiga fannin da mutum ba ya so ko kaɗan, don kawai a ce yana jami'a, yakan ƙare da barin karatu a shekara ta biyu. Ya kamata ɗalibi ya nemi jerin darussan fannin, ya zanta da waɗanda ke ciki, kafin ya sa hannu.

Ga ɗan kashi na huɗu, zaɓen jami'ar da ke kusa da gida yana rage nauyin haya da abinci da kuɗin mota. Ɗan Birni ko Zango ko Sabon Gari da ke karatu a Zinder yana kwana a ɗakin gidansu. Wanda ya fito daga ƙauye kuma yana iya neman ɗaki da abinci mai rahusa a cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai ta jami'ar.

4.4 Makarantun Horo da Sana'a

A cikin Zinder akwai makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu da makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, wadda ke yaye ma'aikatan jinya da ungozomomi. A Kollo akwai makarantar koyon ayyukan raya karkara, wato noma da kiwo da gandun daji. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, inda ake koyar da lantarki da walda da gyaran injuna da ɗinki, da asusun FAFPA da ke tallafa wa irin wannan horo. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin birnin a 2011, da kuma yaɗuwar farantan hasken rana da famfunan burtsatse a karkara, an ga cewa mai takardar fasaha yana da wurin da zai nemi aiki.

Abin da ke hana wasu bin wannan hanya shi ne kallon da ake yi wa aikin hannu a matsayin na wanda boko ya ƙi. Tarihin garin bai goyi bayan wannan kallo ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram sun ƙera igwa a cikin birnin, magina sun tayar da ganuwa, dukawa da majema kuma sun sa fatun ƙasar sun shiga ayarin da ke zuwa Tarabulus. Har yau aikin dukawan Zinder sananne ne a duk faɗin ƙasar.

4.5 Makarantu Masu Zaman Kansu

Makarantun ilimi mai zurfi masu zaman kansu sun yawaita, kuma suna karɓar waɗanda suka rasa gurbi a na gwamnati. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda sunansu ya fi aikinsu. Kafin uba ya sayar da sa ko buhunan gyaɗa ya biya kuɗin shekara, akwai tambayoyi uku da ya kamata a samu amsarsu a rubuce. Shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba makarantar izinin koyar da wannan fanni musamman? Shin takardar da za a bayar ta gwamnati ce, kamar BTS ta ƙasa, ko ta makarantar ce kawai? Shin hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, ta amince da ita? Makarantar da ta ɓata rai don an yi mata waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

4.6 Tsallaka Iyaka

Daga Zinder zuwa Kano bai wuce tafiyar kilomita 240 ba, kuma harshen kasuwa da na gida ɗaya ne. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk suna koyar da Hausa har zuwa digirin digirgir. Amma tsarin shiga dabam yake. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga a darussa huɗu, Ingilishi dole, jimillar maki 400. Karatun kansa da Ingilishi ake yi, kuma takardun Faransanci sai an fassara su an tantance. A nan ma rubutun suna yakan kawo cikas, domin Ousmane na Zinder shi ne Usman na Kano. Wanda ke da niyyar wannan tafiya ya ware shekarar jira domin Ingilishi, ya kuma binciki yadda za a karɓi takardar da zai samo idan ya dawo gida neman aiki.

5.0 Harshe a Shekarar Jira

Akwai dalilin da ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe musamman. Yawancin yaran Damagaram suna tashi da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, sannan su shiga lakwal a koya musu karatu da lissafi da Faransanci, harshen da ba sa ji a gida ko a kasuwa. Ɗalibi na iya fahimtar darasin tarihi sarai, ya kuma bayyana shi da Hausa ba tare da tangarɗa ba, amma ya kasa shimfiɗa shi a rubuce cikin sa'o'in jarrabawa. Makin da ya samu a tarihi, a irin wannan hali, rabinsa makin Faransanci ne. Hukumomin ilimi sun daɗe da gane wannan matsala, kuma a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da harshen gida a 1973.

Don haka aikin farko na shekarar jira shi ne gyaran harshen jarrabawa. Hanyar ba ta da tsada: karanta shafi biyu ko uku kullum, a taƙaita su a rubuce da kalmomin kai, a ba wani ya gyara, a kuma ajiye kaye na musamman domin kurakuran da ke maimaita kansu. Wanda ya san nahawun Hausa yana da abin gwadawa. Alal misali, Hausa tana bambanta jinsin namiji da na mace a tilo kamar Faransanci, amma rabon kalmomin bai zo ɗaya ba: rana mace ce a Hausa, namiji a Faransanci, wata namiji ne a Hausa, mace a Faransanci. Lura da irin wannan saɓani yana rage kuskure fiye da haddar ƙa'idoji.

Aiki na biyu shi ne mayar da harshen gida jari. A watan Maris na 2025, kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kome zai biyo bayan wannan mataki, ana buƙatar mutanen da suka iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, suka iya fassara, suka iya koyar da manya yaƙi da jahilci, suka iya shirya labarai a gidajen rediyon al'umma. Masu jin Hausa miliyoyi ne, amma waɗanda suka iya raba kalmomi daidai, suka san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba su da yawa. Ɗalibin da ya ƙware a wannan cikin shekara guda ya samu abin da zai riƙe, ya kuma share wa kansa hanyar sashen nazarin harsuna na jami'ar Yamai ko makarantar horon jami'an yaƙi da jahilci.

Aiki na uku shi ne tattara bayanai. Damagaram tana kan iyakar Hausa da Barno, gidan sarautarta ma daga Barno ya samo asali, don haka bakin mutanenta cike yake da abin nazari. Tun a 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, haka ma sarautu irin su ciroma da kacalla. A kan wannan kuma aka ɗora aron Faransanci, irin su lakwal da mushe da kaye, waɗanda Bakano ba ya amfani da su. Da wayar hannu da littafin rubutu, ɗalibi na iya naɗar sunayen kayan aikin dukawa, ko kirarin maƙera, ko tatsuniyoyin tsofaffin unguwarsu, bayan ya nemi izininsu, ya rubuta sunan wuri da ranar da aka yi naɗin. Irin wannan aiki shi cibiyar CELHTO da cibiyar binciken IRSH da ke Yamai suka daɗe suna yi, kuma ɗalibin da ya shiga jami'a da shi a hannu ya riga ya samu kayan kundinsa.

Tarihin nazarin Hausa kansa yana da misali daga wannan ƙasa. Dorugu yaro ne daga yankin Kance da aka kama aka bautar, daga baya matafiyi Adolf Overweg ya ƴanta shi. Ya bi Heinrich Barth har Tambutu, ya kuma je Turai tare da shi a 1855. A Ingila ya zauna da J. F. Schön, wanda ya dogara ƙwarai da bakinsa wajen rubuta nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885, inda labarin rayuwar Dorugu ya fito. Darasin da ke cikin wannan fuska biyu gare shi. Ilimin da ke bakin mai harshe yana da daraja har ya zama tushen littattafai. Amma sunan da ke bangon littattafan na wanda ya riƙe alƙalami ne. Saboda haka tattara bayanai mataki ne na komawa karatu da neman takarda, ba dalilin yin watsi da su ba.

6.0 Haɗurran Shekarar Jira da Nauyin da Ke kan Manya

Shekarar da ba ta da tsari ita ce babbar barazana. Ga samari, zaman fada da shan shayi daga hantsi zuwa dare yana farawa a matsayin hutun mako biyu, ya zarce ya zama al'ada. Fim ɗin da Aisha Maki, ƴar garin, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna rayuwar matasan unguwar Kara-Kara da rashin makaranta da rashin aiki suka tura cikin ƙungiyoyin daba. Ba kowane mai zaman fada ke kai wa can ba, amma rashin abin yi shi ne mafarin hanyar. Maganinsa shi ne jadawali: sa'o'in karatu da safe, sana'a ko taimakon gona ko shago da rana, da rajista a hukumar samar da aikin yi ta ANPE ga wanda ke neman horon aiki.

Ga ƴan mata, shekarar jira takan zo daidai da maganar aure. Idan iyalai biyu sun amince da auren, abin da ya fi dacewa shi ne a sanya batun ci gaba da karatu cikin maganar tun farko, a gaban waliyyai, domin alkawarin da aka yi a zaure ya fi wanda aka yi a waya ƙarfi.

Akwai kuma masu cewa a ba su kuɗi su samo gurbi ko tallafin ƙasar waje. Duk gurbin da babu sanarwarsa a allon makaranta ko a bakin hukuma, kuma babu rasiɗin biyansa, abin gudu ne.

Iyaye suna da rawar takawa a makon farko. Gori da kwatanta yaro da ɗan maƙwabta ba sa ƙara maki ko ɗaya, sukan dai sa ya ɓoye takardar da ya kamata a zauna a duba tare. Malaman jami'a da ƙungiyoyin ɗalibai kuma suna iya ware rana guda a lokacin hutu su ziyarci makarantun sakandare na Mirriya ko Dungas ko Takeita, su bayyana fannonin da ke akwai da sharuɗɗansu. Yawancin zaɓin da ba su dace ba daga rashin bayani suke tasowa, domin ɗan ƙauyen da bai taɓa jin sunan wani fanni ba ba zai rubuta shi a takardar nema ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jimlolin da ake ba da labarin rashin gurbi da su suna karkatar da tunani, wasu zuwa zargin kai, wasu zuwa zargin wanda ba a sani ba. Ta rarrabe matsalar gida huɗu: rashin bak, rashin fannin da aka zaɓa, rashin fitowa a gasa, da rashin tallafi. Na farko da na uku maganinsu sake shiri da sabon salo. Na biyu sauya fanni ko gari bayan bincike. Na huɗu neman karatu kusa da gida ko gajeren horo da zai kai ga aiki. A kowane hali, duba takardu da rubutun suna shi ne matakin farko, gyaran harshen jarrabawa da ƙwarewa a rubutun Hausa kuma su ne aikin da ba ya faɗuwa ƙasa banza. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ɗalibin da aka ɗage zuwa wata rana yana da watanni goma sha biyu kafin ranar ta zo, kuma ya kamata ya rubuta abin da zai yi da kowane wata tun kafin a girbe hatsin bana.